Inci 14 na Ɗan Jirgi

A tashar jiragen ruwa ta Portsmouth, can kudancin Ingila, akwai wani tsohon jirgin yaƙi na katako da ke zaune cikin busasshen rami tun 1922. Sunansa Victory. An fara haɗa shi a Chatham a 1759, aka tura shi ruwa a 1765, bayan an sare masa itatuwa kimanin 6,000. Igwa 104 yake ɗauka. Har yau yana cikin lissafin jiragen rundunar ruwan Birtaniya, ko da yake ya yi fiye da shekara ɗari bai taɓa teku ba. A daɓensa na sama an kafa wani ɗan allon tagulla a daidai wurin da harsashi ya kayar da Admiral Horatio Nelson, kwamandan jiragen Birtaniya, ranar 21 ga Oktoba, 1805, a yaƙin Trafalgar, inda suka kara da haɗakar jiragen Faransa da Sifen. Duk shekara idan wannan rana ta zagayo, manyan hafsoshi sukan zo su ajiye furanni a kan allon, su sauka ƙasa su ajiye wasu a lungun da ya cika.

A wannan rana mutum kusan 820 ne a cikin jirgin. An kashe 57, an raunata 102. Da yawa daga waɗanda suka faɗi tun wuta na ci, ta tagar igwa aka tura su teku, domin babu wurin ajiye gawa kuma babu lokacin tsayawa. Gawar Nelson kuwa aka sa ta cikin gangar barasa don kada ta lalace, aka kai ta Landan, aka yi mata jana'izar ƙasa a majami'ar St Paul ranar 9 ga Janairu, 1806.

Yanzu haka ana yi wa jirgin babban gyara. An sauke dogayen sandunan filafilansa, an kafa masa rumfa, ana cire ruɓaɓɓen katako ana sa sabo, kuma kuɗin aikin ya haura fam miliyan 40. Akwai masu cewa wannan ɓarnar dukiya ce a kan abin tunawa da mulkin mallaka. Akwai masu cewa ko nawa ne bai yi yawa ba, tunda jirgin Nelson ne. Ni ina goyon bayan a gyara shi, amma dalilina ya sha bamban da na kashi na biyu. Victory ya cancanci kuɗin ne saboda ɗakin kwana ne, ɗakin girki, wurin aiki, asibiti, wani lokaci ma kurkuku, na ɗaruruwan talakawa waɗanda tarihi bai saba tsayawa a kansu ba. Gidajen sarakuna na wancan zamani suna nan birjik a Turai. Inda lebura ya kwana kuwa, da wuya ka samu ya kai shekara ɗari biyu a tsaye.

A sauka hawan igwogi na ƙasa a gani. Tsawonsa ƙafa 186 ne, rufinsa kuma dogon mutum sai ya sunkuya. Igwogi 30 ne jere a gefe biyu, kowace nauyinta ya kusa tan uku, kowace tana jefa dunƙulen ƙarfe mai laba 32. A tsakanin waɗannan igwogi, da samansu, mutum fiye da 400 suke kwana. Gadonsu na lilo ne, zanen tamfol da ake ɗaure wa igiya kai da ƙafa a rataye a jikin katakon rufi. Faɗin da doka ta ba kowane mutum inci 14 ne. Mai karatu ya ɗauki ma'auni ya gwada a kafaɗarsa, zai ga ba ta shiga ba. Abin da ya kawo sauƙi kawai shi ne an raba 'yan jirgi kashi biyu, idan rabi suna barci rabi suna bakin aiki, sai wanda ke kwance ya ɗan samu sararin maƙwabcinsa. Da dare kuma, ko idan teku ta tashi, rufe tagogin igwa ake yi ruf. Babu iska, babu haske sai na 'yar fitilar kyandir, ga warin jiƙaƙƙen tufa, ga na kwalta, ga na ruwan da ya taru ya ruɓe a gindin jirgi. Duk wanda ya taɓa kwana a cunkushen ɗaki cikin watan bazara ya ɗan san gefen abin, sai dai shi ɗakinsa ba ya tangaɗi, kuma da gari ya waye yana iya fita ya miƙe ƙafa.

Ƙararrawa ce ke mulkin rayuwar ɗan jirgi. Ana juya kwalbar yashi duk rabin awa, a buga ƙararrawa, idan bugu ya kai takwas awa huɗu ta cika, sai a yi canji. Da yamma ana raba zangon ƙarfe 4 zuwa 8 gida biyu, don kada mutum ɗaya ya dawwama a kan tsaron tsakar dare kullum. Ma'anar wannan tsari ita ce, muddin jirgi na tafiya, talakan jirgi ba ya samun barcin da ya wuce awa huɗu a jere. Kuma ko wannan ba tabbas, domin da iska ta juya za a busa usur a ce kowa ya fito. A lokacin nan, cikin duhu da ruwan sama, samari za su hau igiya su kai ƙafa ɗari da wani abu a sama, su jeru a kan sandar da ke gicciye, cikinsu a kan katako, ƙafarsu a kan igiya ɗaya tak, suna naɗe jiƙaƙƙen filafili da hannu biyu. Babbar sandar jirgin ta kai ƙafa 205 daga fuskar ruwa. Wanda ya suɓuce ya faɗa kan daɓe ya tafi ke nan, wanda ya faɗa ruwa ma kusan haka, tunda da yawansu ba su iya iyo ba.

Tun kafin gari ya waye ake fara goge daɓe. A zuba ruwan teku da yashi, mutane su durƙusa a kan gwiwa suna gurza katako da dutse, a ɗauraye, a tsane. Daga nan a kwance gadajen lilo, kowa ya naɗe nasa tam, a kai sama a jera cikin raga a gefen jirgi, su sha iska kuma su zama garkuwa daga harsashi. Ƙarfe 8 karin kumallo, galibi kunun hatsi mai kauri. Tsakar rana hafsoshi su auna tsayuwar rana don sanin inda ake, sannan a kira babban abinci. Sauran yini kuwa aiki ne da ba ya ƙarewa: igiyoyin jirgin idan aka miƙe su sun kai mil 26, filafilai 37, kuma gishiri da rana da iska suna cin su ba dare ba rana. Ga jan famfo don fitar da ruwan da ke shigowa, ga ɗaga ganguna daga rumbu, ga jan anga wanda sai mutum fiye da ɗari sun sa ƙirji a jikin sanduna suna zagaye. Shi ya sa gwaiwa ta zama ciwon 'yan jirgi, har hukumar sojan ruwa tana raba musu abin ɗaure mara.

Zan daɗe a kan abinci, domin a nan ne masu ba da labari suka fi zamewa, ko dai su mayar da jirgin gidan yunwa ko su mayar da shi gidan biki. Rabon mutum ɗaya a rubuce yake. Kullum laba ɗaya ta busasshen biskit da galan ɗaya na giya mara ƙarfi. A mako kuma laba 4 ta naman sa, laba 2 ta naman alade, duka masu gishiri, da busasshen wake irin nasu, da garin kunu, da ɗan man shanu da cuku. Litinin da Laraba da Juma'a ba a dafa nama. Masu lissafin abinci sun ce wannan ya kai ƙarfin kalori 5,000 a yini, wato ya fi abin da leburan gona a Ingila yake samu a gidansa, kuma nama sau huɗu a mako abu ne da talakan ƙasa ba ya ko mafarkinsa. Wannan gaskiya ne, kuma yana cikin abin da ya sa wasu suka shiga da ƙafarsu. Sai dai naman nan yakan yi watanni, wani lokaci fiye da shekara, a cikin ganga, sai an jiƙa shi a ruwa kafin ya dafu. Biskit ɗin sai an ƙwanƙwasa shi a kan tebur ƙwari sun fito. Ruwan sha, kimanin tan 300 da ake lodawa a gangunan katako, yakan canza launi ya yi wari bayan 'yan makonni. Wannan ne ma ya sa giya ta zama abin shansu na yau da kullum, idan ta ƙare kuma a koma barasar rake da ake sirkawa da ruwa, tsarin da Admiral Vernon ya kawo a 1740 kuma ba a soke shi ba sai 31 ga Yuli, 1970. Ga mu Musulmi wannan abu ne mai nauyi a ji, kuma ko a wurinsu bai zo da alheri ba: hukuma ce ke ba mutum barasa sau biyu a yini, hukumar ce kuma ke ɗaure shi ta zane shi idan ya bugu.

Abin da ya fi taɓa ni a tsarin cin abincin shi ne ƙungiyar ci. Mutum takwas zuwa goma sha biyu sukan haɗa kansu, su zaɓi juna, a saukar musu da ɗan tebur daga rufi a tsakanin igwa biyu, su zauna a kan akwatuna. Ɗaya daga ciki ne ke karɓo rabo ya kai wa mai dafuwa, ya ɗauko idan ya nuna. Wajen raba nama, wani zai juya baya, mai yanka ya nuna yanki ya tambaya na wa, shi kuma ya ambaci suna ba tare da ya gani ba, don kada a ce an yi son kai. Duk wanda ya ci tuwo a kwano ɗaya da 'yan'uwa ya san abin da irin wannan zama ke ƙullawa. Idan ɗayansu ya mutu ba a fagen yaƙi ba, a cikin gadon lilonsa ake ɗinke shi, a sa dunƙulen igwa a ƙafa don ya nutse, sannan a yi gwanjon 'yan kayansa a gindin babbar sanda. Abokan cinsa sukan saya da tsada fiye da ƙima da gangan, saboda kuɗin na matarsa ne.

Mutuwar kuma, mafi yawanta ba daga abokan gaba take zuwa ba. A yaƙe-yaƙen da Birtaniya ta yi da Faransa daga 1793 zuwa 1815, cikin kowane goma da rundunar ruwa ta rasa, wanda wutar maƙiyi ta kashe bai cika ɗaya ba. Sauran cuta ce, da haɗari, da nutsewar jirgi. Zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa yana bin cunkoso, shawara tana jiran su a tsibiran Karebiyan, sai kuma cutar nan ta rashin ɗanyen abinci, wadda ke kumbura dasashi, haƙora su zube, tsohon rauni ya sake buɗewa. A tafiyar da hafsan sojan ruwan Birtaniya George Anson ya jagoranta ta zagaya duniya daga 1740 zuwa 1744, cikin mutum kusan 1,900 da suka tashi, wajen 1,400 ba su dawo ba, akasari saboda cuta. A 1747 wani likitan jirgi, James Lind, ya gwada magunguna daban-daban a kan marasa lafiya 12, ya ga waɗanda aka ba lemo su ne suka miƙe. Ya wallafa abin da ya gani a 1753. Amma sai 1795 hukuma ta fara raba ruwan lemon tsami a kai a kai. Shekara arba'in da wani abu tsakanin sani da aiki da shi, kuma 'yan hawan ƙasa ne suka biya kuɗin wannan jinkiri da rayukansu.

A nan ne hujjata ta fi ƙarfi, kuma Nelson da kansa ne shaidata. Daga 1803 zuwa 1805 ya yi kusan shekara biyu cur bai taka ƙasa ba, yana tsare bakin tashar Toulon ta Faransa, daga baya ya bi rundunar Faransa har Karebiyan ya dawo. A duk wannan lokaci babban abin da ya cika wasiƙunsa shi ne albasa, da lemo daga Sisili, da shanu daga Sardiniya, da ruwa mai kyau, da tufafi masu ɗumi. Ya san jirgi ba ya yaƙi da marasa lafiya. Rundunar Villeneuve, kwamandan Faransa, da ta yi irin wannan tafiya, sai da ta sauke ɗaruruwan majinyata a hanya, shi kuwa ya dawo da mutanensa lafiya. Ga kuma horon igwa da ake yi kullum, har ƙwararrun 'yan igwa suka kai suna iya ɗurawa su harba cikin kamar minti ɗaya da rabi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Jirage 27 da suka tunkari 33 a gaɓar Sifen sun ci yaƙin ne tun a waɗancan watanni na goge daɓe da jan igiya da shan lemon tsami. Yinin 21 ga Oktoba girbi ne kawai. To, idan za a nuna wa yaro ɗan makaranta yadda aka ci Trafalgar, murhun ƙarfen da ke dafa wa mutum 800 abinci ya fi allon tagulla bayani.

Su wane ne mutanen? Rajistar jirgin tana nan a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kew, da suna da shekaru da garin haihuwa. Yawancinsu samari ne 'yan shekara ashirin da wani abu, akwai kuma yara ƙanana masu hidima da ɗauko albarushi. Bayan Ingilishi da mutanen Sikotlan da Ayalan da Wales, akwai Amurkawa fiye da ashirin, da mutanen Holan, Suwidin, Italiya, Malta, Fotugal, Indiya, tsibiran Karebiyan, har da Faransawa uku, da wanda aka rubuta Afirka a gaban sunansa. Wasu sun shiga don abinci da albashi. Wasu kuwa kamo su aka yi. Doka ta ba gungun sojan ruwa ikon su bi tashoshi da mashaya, su hau jiragen 'yan kasuwa da ke dawowa gida, su kwashe duk mai sana'ar ruwa da ƙarfin tsiya. Mutum ya yi shekara biyu a teku, yana hango garinsu, sai a ɗauke shi kafin ya ga iyalinsa. Dattawanmu da suka ga ɗiban gwamna zuwa haƙar kuza a Jos lokacin yaƙin duniya na biyu ba sa bukatar a yi musu dogon bayanin wannan. Kuma saboda tsoron kada su gudu, sau da yawa ba a barin su sauka ko jirgi ya iso tasha, albashinsu ma a riƙe shi watanni.

Kada a ɗauka mutane ne marasa baki. A watan Afrilun 1797, a mashigin Spithead, wanda ake hangowa daga Portsmouth ɗin nan, 'yan jirage 16 suka ƙi ɗaga anga. Albashin ƙwararren ɗan jirgi sule 24 ne a wata mai kwana 28, kuma ba a taɓa ƙara shi ba tun 1653, shekara 144 ke nan. Sun nemi ƙari. Sun nemi a daina auna musu abinci da laba mai oza 14 maimakon 16, wato dai mudun da aka buga wa gindi. Sun nemi ɗanyen ganye idan ana tasha, da kula da marasa lafiya, da kada a yanke albashin wanda aka raunata. Sun zaɓi wakilai biyu-biyu daga kowane jirgi, sun tsare da'a a tsakaninsu, sun kuma ce idan jiragen Faransa suka fito za su ajiye kokensu su tafi yaƙi. Gwamnati ta ƙara albashi, Sarki ya yi afuwa. Boren da ya biyo baya a Nore, bakin kogin Thames, ya ƙare da rataye jagoransa Richard Parker da wasu. Victory ba ya wurin a lokacin, amma duk wanda ya ci abinci a hawansa na ƙasa a 1805 ya ci moriyar Spithead. A ganina wannan yajin aiki yana da matsayi a tarihin ma'aikata na duniya, kuma ya kamata mai ziyara ya fita daga jirgin da labarinsa a kai kamar yadda yake fita da labarin harsashin da ya samu Nelson.

Bulala ma a faɗe ta yadda take. Ana tara kowa da kowa, a karanta dokar da aka karya, a ɗaure mutum a jikin ragar katako, a zane shi da bulala mai harshe tara, dozin ɗaya, dozin biyu, dozin uku. Buguwa ce laifin da ya fi yawa. Masu kare tsarin suna cewa a doron ƙasa a wancan zamani ana rataye mutum kan ƙaramar sata, kuma 'yan jirgi da kansu ba su sa soke bulala cikin kokensu na Spithead ba, azzaluman hafsoshi kawai suka ce a cire. Na yarda da haka. Amma bayan da aka tsaga, an tsaga shi, kuma hafsa ba a kwaɓe masa riga a gaban jama'a.

Sai rabon ganima, inda maganar Bahaushe ta kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi ta zauna daram. Bayan Trafalgar, da kuɗin jiragen da aka kama da kyautar fam 300,000 da majalisa ta ƙara, kyaftin ya tashi da fiye da fam 3,300. Talakan jirgi ya samu fam 6 da sule 10. Ɗan'uwan Nelson, William, limamin coci wanda bai ji ƙarar igwa ko ɗaya ba a ranar, an ba shi sarauta, da kuɗin sayen katafaren gida, da fansho na fam 5,000 duk shekara wanda zuriyar gidan ta ci gaba da karɓa har bayan yaƙin duniya na biyu. Manyan hafsoshi sun samu lambar zinariya. Talakawa ba su samu lamba daga gwamnati ba, sai wani mai masana'anta a Birmingham, Matthew Boulton, ya buga musu lamba da kuɗin aljihunsa. Lambar hukuma ba ta zo ba sai da aka sanar da ita a 1847, ga wanda ya rage da rai kuma ya nema. Wata mata, Jane Townshend, wadda take cikin jirgin Defiance a ranar yaƙin, ta nema aka hana ta. Da yaƙi ya ƙare a 1815 kuma, rundunar da ta haura mutum 140,000 aka zabge ta zuwa wajen 20,000 cikin shekaru kaɗan. Masu sa'a daga cikin nakasassu suka samu gado a gidan tsofaffin sojan ruwa na Greenwich, wanda dama sisi-sisi ake cire musu duk wata dominsa. Da yawa suka ƙare suna bara a titunan tashoshi.

Akwai hujjar da ta fi kowace ƙarfi a kaina, kuma ba zan ɓoye ta ba. Mutanen nan suna ƙaunar Nelson. A ranar jana'izarsa, 'yan jirgin Victory 48 ne suka ɗauko tutar jirgin da harsasai suka huda. Da aka zo a naɗe ta a ɗora kan akwatin gawa, sai suka yage wani yanki suka raba a tsakaninsu, kowa ya cusa nasa a ƙirji. Wanda zai ce a rage ambaton Nelson don a ɗaga su, sai ya tuna su da kansu ba su nemi haka ba. Ni ma ban ce a cire allon tagulla ba. Shugaba nagari gaskiya ne, kuma Nelson ya tsaya a fili da lambobinsa a ƙirji inda kowa ke iya harbinsa, ya rasa hannu, ya rasa ganin ido ɗaya, tun kafin wannan rana. Amma ƙaunar da talaka ya yi wa shugabansa ba ta sauke wa na baya nauyin tuna talakan. Hasali ma ita ce ke ƙara nauyin. A ƙasan jirgin, a hawan da ke ƙarƙashin ruwa inda Nelson ya yi awa uku yana jiran ajali, likita William Beatty da mataimakansa suna yanke hannuwa da ƙafafu da zarto a hasken fitila, babu maganin kashe zafi, mutane na kwance jere suna jiran layi. Wuri ɗaya ne, duhu ɗaya ne. Haka kuma a jirgin Faransa Redoutable, inda harsashin ya fito, cikin mutum 643 an kashe wajen 300, an raunata fiye da 200. Su ma 'ya'yan wasu ne. Guguwar da ta taso bayan yaƙin ta ƙara cinye ɗaruruwa, kuma an ga 'yan jirgin Ingila suna sauka cikin kwale-kwale a tsakiyar igiyar ruwa don tsamo waɗanda suke harbi jiya.

Ga masu cewa me ya haɗa mu da jirgin Turawa, ina ganin ƙorafinsu yana da tushe, amma ya kai su inda bai kamata ba. An yi Trafalgar shekara ɗaya da 'yan watanni bayan yaƙin Tafkin Kwatto, a lokacin da babu wanda ke tunanin abin da ya faru a gaɓar Sifen zai taɓa iso mana. Ya iso. Bayan 1805 babu mai ja da Birtaniya a teku har tsawon ƙarni. Da wannan ƙarfi ta tare jiragen cinikin bayi daga 1808, da shi kuma ta yi wa Legas ruwan wuta a Disambar 1851, ta haɗiye ta a 1861. John Glover, wanda ya tara Hausawa a Legas a 1863 ya kafa 'yar rundunar da ake lissafin asalin sojan Najeriya daga gare ta, hafsan sojan ruwa ne. Sunansa ne ya zauna a kan rundunar, sunansa ne a kan ɗakin taro a Legas. Hausawan da suka ɗauki bindigar, jimla ɗaya ake yi musu. Haka aka yi wa dubban 'yan arewa da aka loda a jirage zuwa Bama a yaƙin duniya na biyu, masu bindiga da masu ɗaukar kaya a ka. Saboda haka idan na ce a tuna ɗan hawan ƙasa na Victory, ba sha'awar daular Birtaniya ce ke magana ba. Na san irin wannan mantuwa daga gida.

Abin da nake fata idan an gama gyaran nan ba mai tsada ba ne. Masu kula da jirgin sun riga sun rataye gadajen lilo, sun jera teburan ci a tsakanin igwogi, kuma sun kyauta. Sunayen mutum wajen 18,000 da suka yi yaƙin a ɓangaren Birtaniya ma an tattara su, kowa na iya dubawa a intanet. Saura a haɗa suna da wuri. A ce ga igwar nan, ga waɗanda suka ja ta, wannan daga Cork, wannan daga Malta, wannan kamo shi aka yi, wannan shekararsa goma sha uku. A bar baƙo ya kwanta cikin inci 14 a rufe tagogi na minti ɗaya. Ranar 21 ga Oktoba, bayan an ajiye furanni a kan allon, a karanta sunayen 57 ɗin nan da babbar murya, ɗaya bayan ɗaya. Ba zai ci minti biyar ba.

A dandalin Trafalgar da ke tsakiyar Landan, mutum-mutumin Nelson yana tsaye a kan ginshiƙi, tsawonsu gaba ɗaya ƙafa 169. A gindin ginshiƙin akwai zanen tagulla huɗu da aka zuba daga narkakkun igwogin Faransa. A na gefen kudu, wanda ke nuna faɗuwarsa, can hannun hagu, akwai wani baƙar fata ɗan jirgi riƙe da bindiga, ya ɗaga kai yana neman inda harsashin ya fito. Mai sassaƙar, John Carew, ya sa shi a wurin tun wajen 1849, lokacin da wasu daga cikin 'yan Victory suna raye kuma suna iya zuwa su duba ko an yi daidai. Yana can ƙasa kusa da masu wucewa, inda duk wanda ya tsaya zai iya ganin fuskarsa, kuma babu suna a ƙarƙashinsa.